Yadda ake saita mai da iska a kafireton tsohuwar akori-kura

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar akori-kura mai kafireto ya san wannan halin, mota ta kama shan mai kamar ana tsiyayar da shi a ƙasa, ko kana cire ƙafa daga totur ta mutu, ko salansa ta dinga fitar da baƙin hayaƙi mai sa ido yaji, sai kawai mutum ya ɗauko sukundireba ya nufi ɗan sukurun nan na gindin kafireto ya hau murɗawa. Toh ni dai abinda zan fara gaya maka shine ka ajiye sukundireban nan tukuna. Wannan sukurun shi ake taɓawa a ƙarshe, kuma aikinsa bai kai yadda mutane ke zato ba, silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, shi kawai yake gyarawa da ɗan abinda ke sama da silo lokacin da ka fara taka totur a hankali. Man da mota ke sha tana gudu a kan titi ba shi ke ba da shi ba, wannan aikin babban jet ne, wato ɗan tagulla mai rami da mai ke bi a cikin kafireto, da fulot mai tsayar da matakin man, don haka ko kwana za ka yi kana murɗa shi ba zai hana ta shan mai a doguwar tafiya ba in matsalar tana can ciki.

Abinda ake nema dai shine daidaito tsakanin iska da fetur. A lissafi injin fetur yana ƙone mai tas idan iska ta kai kashi 14.7 a kan kashi 1 na fetur, kuma a nauyi ake maganar ba a yawan cika ba. Amma tsohon inji mai kafireto ba ya zama a wannan lambar koyaushe, a silo ya fi son mai ya ɗan fi haka, wajen 13 zuwa 14, in ka take totur har ƙasa da lodi a baya kuma yana son wajen 12.5 zuwa 13. In mai ya yi yawa za ka ga baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, fulogi ya yi baƙi, inji na wani rurrumi yana hawa yana sauka. In mai ya yi kaɗan kuma inji zai dinga misin, yana atishawa ta bakin kafireto, yana ɗaukar zafi, kuma wannan ɗin ya fi haɗari don yana iya ƙona bawul ko ya ci kan fistin. Kar ka haɗa su da shuɗin hayaƙi fa, shi baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ne ko sil ɗin bawul, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi kuma ruwa ne ke shiga, duk biyun ba ruwan kafireto.

Kayan aiki ba su da yawa. Sukundireba mai faɗin baki dogo siriri, agogon auna juyin inji wato rpm in motar ba ta da shi a dashbod, fitilar taimin wato ta auna lokacin da wuta ke zuwa fulogi, sifanar fulogi, gwangwanin feshin wanke kafireto, da takarda da biro, eh biro, za ka ga amfaninsa. In za ka samu gejin bakiyum, wato agogon nan da ke auna ƙarfin zuƙar inji, to ka samu abinda ya fi komai amfani a aikin nan, don kunne yana yaudara amma allurar geji ba ta yi. A waje za ka yi aikin inda iska ke kaɗawa, hayaƙin salansa a rufaffen wuri yana kashe mutum, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Ka ja hambirki ka sa weji a taya, ka naɗe hannun riga saboda fanka da fambel, ba sigari, kuma kar ka taɓa leƙa cikin bakin kafireto inji na aiki, in ya yi atishawa wuta ce ke fitowa kai tsaye zuwa fuska. Abin kashe gobara ya kasance kusa.

Fara da ɓangaren wuta. Yawancin abinda ake ɗora wa kafireto laifinsa wallahi daga wuta yake. Ciro fulogai ka duba, in sun cinye ka canza, in da sauransu ka goge ka daidaita tazarar bakinsu yadda littafin motar ya ce. Duba wayoyin fulogi da murfin distiributa ko ya tsage. In motar mai kwantak ce, wato ɗan ƙarfen nan da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa, sai ka fara saita tazarar kwantak kafin taimin, yawanci wajen milimita 0.4 zuwa 0.5 ne, dalili kuwa duk sanda ka taɓa tazarar kwantak taimin ma ya motsa, in ka yi su a juye ka yi aikin banza. Sannan ka sa fitila ka saita taimin, injuna da yawa sai an cire ɗan tiyon bakiyum na jikin distiributa an toshe shi kafin a auna. Lambar tana jikin takardar da ake mannawa a cikin bonet in ba ta goge ba. Injin da ake saita bawul ɗinsa da hannu, irin 22R na Toyota, shi ma a duba tazarar bawul ɗin, bawul da ya matse yana sa silo ya dinga rawa kuma babu saitin kafireton da zai gyara shi.

Sai filtar iska. In ta toshe da ƙura tamkar ka ja cok ne, wato farantin da ke tsuke iska a bakin kafireto, kana yawo da shi, mai zai yi yawa dole. Filtar mai ma haka, canza ta kawai ba sai an yi dogon tunani ba.

Yanzu abinda ya fi ba mutane wahala, ɓarauniyar iska. Duk iskar da ta shiga inji ba ta bakin kafireto ba ta shiga ne ba tare da an haɗa mata mai ba, sai haɗin ya tsinke. Tana shiga ta gasket ɗin gindin kafireto, ta gasket ɗin manifol, ta ƙananan tiyoyin nan da suka bushe suka tsattsage, ta babban tiyon da ke zuwa bustar birki, ko ta sandar totur in ta cinye mazauninta tana girgiɗi. Yadda za ka kama ta, ka tada inji ka bar shi a silo ka dinga fesa ɗan feshin wanke kafireto kaɗan kaɗan a waɗannan wuraren, inda ka fesa ka ji muryar inji ta canza, ta hau ko ta faɗi, nan ɓarakar take. Kaɗan fa nace, kuma nesa da manifol ɗin salansa mai zafi da wayoyin fulogi, abin yana kamawa da wuta. Ni na taɓa shafe yini biyu ina murɗa sukuru ciki da waje, har na kwance kafireton na wanke na mayar, ashe tiyon bustar birki ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, ina canza shi motar ta kwanta lafiya lau, sukurun ma sai da na mayar da shi inda na same shi tun farko.

Sai fulot. A cikin kafireto akwai ɗan kwano da fetur ke taruwa, fulot ɗin da allurarsa su ke tsayar da man a wani mataki, kamar dai na tankin ruwa. In matakin ya yi sama mai zai yi yawa a ko'ina, silo da gudu duka, in ya yi ƙasa mota za ta dinga ƙishi a hawa ko a kwana. Kafireton Aisan na tsofaffin Toyota yana da ɗan gilashi a gefe, man ya tsaya a tsakiyar gilashin inji na aiki a wuri mai lebur. Kafiretocin Holley da yawa suna da sukuru a gefen kwanon, in ka cire shi man ya zo daidai leɓen ƙasa na ramin, ya ɗan leƙo in ka girgiza motar. Sauran irin su Solex da Zenith da Rochester da Motorcraft galibi sai ka buɗe murfi ka auna da ma'aunin da littafi ya bayar. In fulot ɗin na tagulla ne ka kai shi kunne ka girgiza, in ka ji ruwa na motsi a ciki ya huje, ya yi nauyi kenan ba zai rufe mai ba, shi ne obafulo ɗin da kake gani. Ƙarfin famfon mai ma yana da hannu, manyan kafiretocin Amurka irin Holley suna ɗaukar psi 5 zuwa 7 a ma'aunin matsin mai, amma Weber 32/36 wajen psi 3 yake so, in wani ya sa wa motar famfon lantarki mai ƙarfi ba regileta to man zai ture allurar ya cika kwanon komai kyan saitinka. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina kuma, in tana warin fetur sosai ko dai motar ta daɗe tana shan mai fiye da kima ko robar cikin famfon mai ta yage, ka gyara ka juye baƙin man.

Toh in duk wannan ya yi daidai yanzu ka ɗauko sukundireba. Amma ka bambance sukurai biyu da mutane ke rikitawa. Ɗaya yana jikin hannun totur ta waje, bakinsa yana tokare ƙarfen, wannan na gudun silo ne, buɗe farantin totur yake yi kaɗan ko ya rufe. Ɗayan kuma yana shiga cikin jikin kafireton ne ta ƙasa kusa da gindi, yawanci da ɗan sifirin a wuyansa, bakinsa tsini kamar allura, wannan shi ne na haɗin mai. Kafireto mai maƙogwaro ɗaya sukurun haɗi ɗaya gare shi, haka ma mai biyu irin wanda na biyun ke buɗewa daga baya kamar Aisan da Weber 32/36. Wanda duka biyun ke buɗewa tare kamar Motorcraft 2100 na tsofaffin Ford, da Quadrajet na Chevrolet mai maƙogwaro huɗu, su sukurai biyu ne a gaba. In ka nema ka rasa, kar ka yi mamaki, motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga shekarun 1970 an dinga sa wa sukurun hular roba mai hana shi juyawa da yawa saboda dokar hayaƙi, daga wajen 1980 ma aka koma toshe shi da ƙarfe gaba ɗaya, irin wannan sai an sauke kafireton an cire toshiyar a hankali.

Inji a kashe, ka murɗa sukurun haɗin ciki, hannun agogo, kana ƙirga juyi rabi rabi har ka ji ya taɓa ƙarshe. Taɓawa kawai, da yatsu biyu, dan Allah kar ka ɗaure shi, bakin allurar da mazauninsa masu laushi ne, kana matsawa za ka yi masa zobe ko ka faɗaɗa ramin, shikenan saiti ya daina zama. Rubuta adadin da ka samu a takardar nan, shi ne hanyar komawarka in abu ya rikice. Ka zaro shi gaba ɗaya ma ka kalli tsinin, in ya lanƙwashe ko ya yi gurbi a canza, ka fesa feshi a ramin ka mayar. Daga nan ka dawo da shi waje juyi ɗaya da rabi zuwa biyu, nan ne mafarin da yawancin kafiretoci za su tashi a kai. In biyu ne duka ka ba su adadi ɗaya.

Tada motar ka bar ta ta yi zafi sosai, ba zafin minti biyu ba, ka ɗan zaga da ita minti 10 zuwa 15 har allurar zafi ta zauna inda ta saba. Kashe ta ka ɗaga murfin filtar iska ka tabbatar farantin cok ya miƙe tsaye a buɗe gaba ɗaya, in ya ɗan kwanta ko kaɗan duk saitin da za ka yi ƙarya ne. Mayar da filtar, don da ita motar ke tafiya, da ita ya kamata a saita in dai hannu na kaiwa ga sukurun. Haɗa gejin bakiyum a bututun da ke zuƙa daga manifol kai tsaye, wanda in ka ɗora yatsa a silo za ka ji yana tsotsa, akwai wani bututun da ba ya zuƙa sai an taka totur, ba shi ba. Lafiyayyen inji a ƙasa mai kusa da matakin teku yana nuna inci 17 zuwa 21 allura a tsaye cak, kuma duk hawan mita 300 sama yana rage wajen inci 1. In allurar na tsalle tsalle da ƙarfi matsalar bawul ce ko wuta, koma baya.

Da sukurun gudu ka kawo silo inda littafi ya ce, yawanci tsakanin 600 da 800. Yanzu ka fara murɗa na haɗin ciki, kwatan juyi a kowace murɗa ko ma rabin kwata, kuma bayan kowace murɗa ka tsaya ka ƙirga kamar goma, inji ba ya amsawa nan take, gaggawa ita ke sa mutane wuce wurin ba su sani ba. Za ka kai inda juyin zai fara sauka, inji ya fara tuntuɓe, allurar geji ta yi ƙasa, nan mai ya yi kaɗan, riƙe wurin a ka. Sai ka juyo waje a hankali, za ka ji ya warware ya hau, ka ci gaba har ka ji ya daina hawa, in ka ƙara zai fara nauyi yana rurrumi da warin mai, nan kuma ya yi yawa. Wurin da kake nema yana tsakanin biyun, inda rpm ya fi sama kuma geji ya fi nuna lamba babba a tsaye. Ni yadda nake yi, in na samu ƙololuwar sai na koma ciki kaɗan kaɗan har inda na ga alamar zai fara sauka, sannan na dawo waje rabin kwata na bari, kaga ka samu mafi ƙarancin man da injin ke jin daɗi da shi kenan. Wasu littattafan ma cewa suke a bar shi ya sauka da rpm 20 zuwa 50 daga ƙololuwa saboda hayaƙi, in naka ya faɗi haka bi shi, amma tsohon inji da ya sha aiki ya fi zama lafiya in an bar masa ɗan rara.

Mai sukurai biyu, ka yi wa na dama kwata ka yi wa na hagu kwata, kana bi da bi, kar ka gama da ɗaya sannan ka koma ɗayan. A ƙarshe ya zama tazararsu ba ta wuce kwata ko rabin juyi ba, in ɗaya yana son juyi ɗaya ɗayan yana son uku, akwai datti a hanyar silon ɓangaren ko iska na shiga ta can.

Da haɗin ya gyaru za ka ga silo ya hau sama da inda ka sa shi, sai ka sauke shi da sukurun gudu, ka sake bin na haɗin, don duk sanda ka taɓa ɗaya ɗayan ya ɗan motsa. Zagaye biyu ko uku ya isa. Tsakanin kowane zagaye ka ɗan zuga totur ka saki don ya share man da ya taru. In motar otomatik ce da yawa a giyar D ake saita silonsu, wannan kam sai da mutum a ciki ƙafarsa a kan birki da weji a tayoyi, kuma kar ka tsaya a gabanta. Kunna fitilu da fankar ciki ka ga ko zai riƙe bai mutu ba.

Akwai kuma wanda zai ce ya murɗa sukurun har ƙarshe ciki inji ko gezau, bai mutu ba. Lafiyayyen kafireto in ka rufe sukurun haɗi dole inji ya mutu ko ya kusa, in bai yi ba mai na zuwa ta wata hanyar. Mafi yawa an ɗaure sukurun gudu ne da yawa don a ɓoye wata matsala, farantin totur ya buɗe har ya bankaɗo ɗan tsagin nan da ke sama da ramin silo, sai inji ya koma shan mai ta can. Maganin ka sassauta sukurun gudu, in silo ya faɗi da yawa ka duba taimin, sau tari ya yi baya ne shi ya sa aka buɗe totur don a rama. Ko kuma fulot ya yi sama mai na ɗiga ta babbar hanya, ko a Holley bawul ɗin ƙarin mai na cikin ya fashe. Akasin haka kuma, in sai ka fito da sukurun juyi huɗu ko biyar kafin inji ya zauna, ɓarauniyar iska ce ko jet ɗin silo ya toshe. Kuma irin buɗewar totur ɗin nan da yawa ita ke sa ka kashe makulli mota ta ci gaba da kakkarwa, duba ɗan solenoid mai waya ɗaya na jikin kafireto ma in akwai, ya kamata ka ji ƙas in an kunna makulli.

Sai gwaji a hanya. In daga tsaye ka taka a hankali ta ɗan yi jim kafin ta ja, ƙara mata rabin kwata waje. In kuma sai ka taka da ƙarfi ne take shaƙewa kamar za ta mutu sannan ta zabura, wannan famfon totur ne na cikin kafireto, kashe injin ka cire filta ka leƙa ka ja totur da hannu, ya kamata ka ga fetur ya tsarto siriri da ƙarfi nan take, in ɗiga yake ko babu, robarsa ta mutu. In a gudu madaidaici kana jin motar na ja tana saki kamar ana riƙe ta ta baya, mai ya yi kaɗan a babban jet. Don ka tabbatar, yi tafiya mai ɗan nisa a gudun da ka saba, ka samu wuri mai aminci ka tsaya ka kashe ba tare da ka bar ta ta daɗe a silo ba, in ta huce ka ciro fulogi. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske ko toka-toka shi ake so, baƙi busasshe kamar kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat ko da ƙuraje mai ya yi kaɗan, baƙi mai danƙo kuma baƙin mai ne. In fulogi ɗaya ne kawai ya bambanta da sauran matsalar ta silindar ce.

Canza jet kuwa mataki ɗaya ɗaya ake yi ana gwadawa. Lambar tana jikinsa, a Weber da Solex lambar faɗin ramin ce, 135 na nufin milimita 1.35, a Holley kuma lambar jeri ce kawai ta yawan man da ke wucewa. Kar ka zura masa waya ko allura da sunan wanki, tagulla ne, kana karce shi ka canza girmansa, feshi da iska sun isa. Motar da ta koma aiki a kan tudu mai tsayi sosai za ta ga mai ya yi mata yawa don iskar can ba ta da kauri, ƙa'idar da masu Holley ke bi ita ce rage lamba ɗaya a duk hawan mita 600, silon ma sai an sake bi.

Washegari da safe inji a sanyaye ka tada ta ka saurara. In da zafi tana lafiya amma da sanyi tana wahalar tashi ko tana tashi da ihu da baƙin hayaƙi, kar ka koma kan sukurun da ka sha wahalar saitawa, cok ne. Da sanyi in ka taka totur sau ɗaya farantinsa ya rufe, inji na kamawa ya ɗan buɗe kaɗan, ya ci gaba da buɗewa har ya miƙe cikin ƴan mintuna, kuma yana da nasa sukurun daban a gefe mai hawa kan wani ɗan ƙarfe mai matakala, shi ke ɗaga silo lokacin sanyi, wannan kaɗai za ka taɓa in ihun ya yi yawa ko ya yi kaɗan.